Dashen itatuwa don kuɗin kabon: matakan da manomi zai bi a Gombe, daga lissafi zuwa ranar biya

Tambayar kusan kullum da siga ɗaya take zuwa: "Malam, an zo garinmu ana rubuta sunaye, wai mu dasa itatuwa za a riƙa biyanmu da dala. Da gaske ne? Ta ina ake farawa?" An tambaye ni daga Dukku, an tambaye ni a kasuwar Kumo, har wani ɗan'uwa daga Darazo ta jihar Bauchi ya tashe ni da dare a kan maganar. Amsa guntu-guntu a waya ba ta gamsarwa, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Kasuwar kabon dai akwai ta. Bishiya tana shaƙar iskar kabon ta mayar da ita itace, kamfanonin da masana'antunsu da jiragensu ke fitar da hayaƙi kuma suna biyan kuɗi a kan kowane tan ɗaya da aka tabbatar an kama. Tan ɗayan nan shi suke kira kiredit ɗaya. Sai dai kuɗin kaɗan ne, yana jimawa bai zo ba, igiyar da yake ɗaure gona da ita kuma doguwa ce. Don haka duk matakan da ke ƙasa a kan magana ɗaya na gina su: kada ka dasa bishiyar da ba za ta biya wahalarta ba ko da kuɗin kabon bai zo ba.

1. Yi lissafi kafin ka ɗauki diga

Samo biro da takarda. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Kowane kilo ɗaya na kabon ɗin kuma daidai yake da kilo 3.67 na iskar da ake biya a kanta. Bishiyar da busasshen itacenta ya kai kilo 200 ta kama kimanin kilo 367 ke nan. Sai ka haɗa irinta uku kafin ka wuce tan ɗaya da ɗan kaɗan.

Yanzu a ce kana da hekta ɗaya, wato eka biyu da rabi, ka tsayar da itatuwa 40 a ciki kana ci gaba da noman dawa da wake. A ce bayan shekara 20 kowace ta kai kilo 200 ɗin nan. Jimilla tan 14 da ɗoriya. A ce an sayar da kowane tan dala 20, misali kawai nake yi, farashin yana hawa yana sauka. Ka ga dala 290 da 'yan kai a shekara 20. Daga nan za a cire wani kaso a ajiye saboda gobara ko sara, masu shirin su cire nasu, abin da zai iso hannunka a shekara ba zai cika dala 10 ba. Buhun kalwa ɗaya ko 'yan kwandunan mangwaro sun fi shi nesa ba kusa ba.

Hattara: duk wanda ya ce maka hekta ɗaya za ta ba ka dubban daloli a shekara, ka ce ya maimaita wannan lissafin a gabanka da nasa alƙaluman. In ya kauce, romon baka ne.

2. Tantance gonar: ta wa ce, su wa ke da hannu a cikinta?

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke kai su kotu. Yarjejeniyar kabon tana ɗaukar shekara 20, 30, wata ma 40. Mai shekara 55 da ya sa hannu yau, magadansa ya ɗaure.

In gonar gado ce da ba a raba ba, ka tara 'yan'uwa, maza da mata, a yi magana a rubuta. In ta aro ce, ko haya, ko jingina, kada ka dasa ko tsiro ɗaya sai mai ita ya yarda a gaban Jauro, wato mai gari, da shaidu, domin a al'adarmu dasa bishiya a gona kamar kafa tuta ne, mai gona zai ɗauka so kake ka mallake. A rubuta ƙarara: itacen na wa, 'ya'yan na wa, kuɗin kabon na wa, in an karɓe gonar me za a biya wanda ya dasa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, gonakin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar shaidar mallaka ta gargajiya a kansu. In ba ka da ita, ka nema tun yanzu, ko aƙalla takardar Jauro da hakimi mai ɗauke da sunayen maƙwabtan iyaka ta kowace kusurwa.

Na halarci wani zama a ƙofar gidan wani Jauro a yankin Kwami. An gama bayani, maza sun yi na'am, ana shirin addu'a, sai wata tsohuwa da ke zaune can gefen zaure ta yi gyaran murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗorawar da ke bakin rafi fa? In an kewaye, mu da muke daddawa a ina za mu tsinci kalwa?" Wuri ya yi tsit. Jauro ya ce, "Goggo, maganarki dutse, ba mu yi wannan tunanin ba." Ba sunanta a takardar kowace gona, amma shekara da shekaru daga itatuwan nan take cin abinci. Mata masu ɗiban kalwa da kaɗanya da kuka da itacen girki, a kira su zaman tun farko.

Hattara: burtali, mashaya da makiyaya ba wurin dashe ba ne, ko da an ce maka "fili ne ba mai shi". Wanda ya san makiyayar Wawa-Zange ta jihar Gombe ya san abin da toshe hanyar shanu ke jawowa. A kira Arɗo a zaman, a nuna masa inda za a dasa kafin a haƙa rami. A ƙasar Yuganda, rahoton ƙungiyar Oxfam na 2011 ya ce an tashi mutum sama da 20,000 a gundumomin Mubende da Kiboga don a yi gandun itatuwa. Da kalmar "ba mai shi" irin wannan ke farawa.

3. Binciki masu shirin

Da farko ka bambance abu biyu. Akwai shirye-shiryen gwamnati na dashe: Gombe Goes Green da Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019, da shirin Babbar Koriyar Ganuwa wanda Gombe da Bauchi ke cikin jihohinsa 11, da ACReSAL na Bankin Duniya da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja. Karɓar tsiro daga ɗayansu ba ya nufin ka shiga kasuwar kabon. Ita kasuwar sai da yarjejeniya ta daban.

Manomi ɗaya ba ya shiga shi kaɗai, domin kuɗin rajista da na masu awo ya fi ƙarfin gona ɗaya. Kamfani ko ƙungiya ce ke tara ɗaruruwa ko dubban manoma ta yi rajistar shirin. Idan suka zo, ga abin da za ku tambaya:

A ƙarƙashin wace hukumar tantancewa kuka yi rajista? Sanannun su ne Verra, Gold Standard da Plan Vivo. Mene ne sunan shirin da lambarsa? Rajistar Verra a buɗe take a intanet, yaron da ke da waya a garinku zai iya dubawa cikin 'yan mintuna. Ina takardarku ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni? Ma'aikatar muhalli ta jiha ta san da ku? Majalisar kula da sauyin yanayi ta ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, ta san da shirin? Sai tambayar da ta fi duka: a wane gari kuka taɓa biyan manoma? Ku haɗa kuɗin mota ku tura mutum biyu su je su ji daga bakin mutanen. Gani ya kori ji.

Hattara: ban taɓa ganin shirin kirki da ke karɓar kuɗin fom daga manomi ba. Mu ma an taɓa yi mana. Wasu sun zo da riguna masu tambari, suka karɓi hotuna biyu-biyu da kuɗin rajista, har yau lambar wayarsu a kashe take. Lambar asusun banki za a iya nema don biya, amma lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, ba mai dalilin tambayarta.

4. Yarjejeniya: a karanta ta da Hausa, layi-layi

Kada a sa hannu ranar da aka kawo takarda. A karɓi kwafi, a nemi fassara a rubuce, a kai wa lauya ko wani ɗan gari mai ilimi wanda ba ya cin albashin kamfanin. In ku ƙungiya ce, kuɗin lauya ɗaya a raba a tsakaninku bai kai na buhun taki ba ga kowa. Ƙungiyar kuma ta yi rajistar gama-kai, ta buɗe asusu mai sa hannun mutum uku.

Abubuwan da za a nemo a cikin takardar:

Me ake saye? Haƙƙin kabon kaɗai ya kamata. In ka ga kalmar haya, ko mallaka, ko an ce a kawo asalin takardar gona a ajiye, ka tattara takalmanka. Gonar taka ce, ta kuma zauna taka.

Kaso nawa ne naka, kuma daga wane kuɗi? Ƙa'idar Plan Vivo ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin sayarwa ya isa ga mutanen da ke aikin. Shirin Acorn na bankin Rabobank na ƙasar Holan kashi 80 ya ware wa manoma. Ka riƙe waɗannan a matsayin ma'auni. Sannan ka kula da wata 'yar kalma: kashi 60 na kuɗin da aka sayar daban, kashi 60 na riba daban. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire albashi da mota da otal, wanda ke cirewar kuma shi ke riƙe da littafin.

Yaushe za a fara biya, da wane kuɗi, a kan wane canji? Akwai kuɗin kula da tsiro a shekarun farko? In akwai, kyauta ne ko bashi ne da za a zare daga baya?

Me aka hana ka? Za ka iya sassabe reshe don girki ko don dabbobi? Za ka iya sare ɗaya in za ka yi rufin ɗaki? Za ka ci gaba da noma a ƙarƙashi? Shanu za su shiga cin harawa da kara bayan girbi? Duk abin da ba a rubuta an yarda ba, ka ɗauka wata rana za a ce an hana.

In gobara ta ci, ko fari ya kashe, wa ke ɗaukar asara? Hukumomin tantancewa suna riƙe wani kaso na kiredit daidai don irin wannan. Saboda haka ba dalilin da za a ce manomi ya mayar da kuɗi a kan wutar da ba shi ya kunna ba.

In ka rasu, ko ka sayar da gonar, ko kamfanin ya rushe, ko ya sayar da shirin ga wani, me zai faru? A kuma rubuta inda za a kai ƙara in an saɓa, ya zama wurin da kuɗin motarka zai kai ka.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsiro kyauta da 'yar na-goro ta ranar taro ba su kai a ɗaure gona shekara 30 a kansu ba.

5. Awon gona da ƙidayar farko

Ma'aikacinsu zai zagaya iyakar gonar da waya don ya fitar da taswira, sannan a ƙirga itatuwan da ke tsaye. Ka bi shi da ƙafarka, ka kira maƙwabta su tsaya a iyakokinsu, ka karɓi kwafin taswirar da adadin hekta. Kukar kakanka ba za a biya ka a kan girman da ta riga ta yi ba, abin da ya ƙaru bayan wannan rana shi ake lissafawa.

Hattara: kada wayo ya sa ka sare dajin da ke tsaye don ka samu filin dashe. Hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya suna nan, ƙa'idar Verra kuma ba ta karɓar filin da aka share dajinsa na asali cikin shekara 10 kafin shirin. Haka nan gona ɗaya ba ta shiga shiri biyu.

6. Duba kututture kafin ka sayi tsiro

Zagaya gonarka a watan Maris ko Afrilu, lokacin sharar gona. Tohon kalgo da sabara da magarya da aduwa da gawo da marke da muke sassabewa muna ƙonawa duk shekara, a ƙarƙashinsu akwai tsohuwar saiwa mai zurfi da ta riga ta san hanyar ruwa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun daina ƙonawa tun shekarun 1980, suna kiran abin sassaben zamani, an kuma ƙiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta haka. A Humbo ta ƙasar Habasha da wannan dabarar aka raya daji mai kimanin hekta 2,700 har aka sayar da kabonsa.

Yadda ake yi: a kowane kututture ka zaɓi toho biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Adda ko lauje mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura tsumma mai launi don 'yan ƙwadago da masu garmar shanu su san an bar shi da gangan. Bayan wata uku ko huɗu ka dawo ka sake ragewa. Ba ban-ruwa, ba leda, ba kuɗin mota. In da ni ne mai shirin, rabin itatuwan kowace gona daga nan za su fito. Ka tambaya a rubuta maka cewa ana ƙirga irin waɗannan.

7. Zaɓen iri da wurin kowanne

Cikin gona: gawo ne sarki. Yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa dawa rana, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Sai dai a shekarun farko ƙasa yake tafiya, ba sama ba, kada ka ce ya ƙi. Ɗorawa da tsamiya suna da inuwa mai nauyi, kaɗan-kaɗan a warwatse. Kaɗanya sadaka ce ga jikoki, takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi 'ya'yan kirki.

Bakin iyaka da gefen kwari: dogon yaro, maɗaci, bagaruwa. Dogon yaro yana jure fari yana saurin girma, amma a ƙarƙashinsa amfanin gona ba ya yin abin kirki, kada ya shiga tsakiya. Arewacin jiha, Nafada da Dukku da Funakaye, inda ruwa ya fi ƙaranci, dakwara ta dace, daga shekara huɗu zuwa biyar ana fara ɗiban ƙaro. Inda akwai ruwa, kamar kewayen Dadin Kowa da Balanga, mangwaro mai aure da gwaba da kashu. Mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu.

Hattara da itacen turare. Masu kabon suna son sa saboda saurin girma, amma mashayin ruwa ne. Nesa da fadama, nesa da rijiya, nesa da gonar maƙwabci. Kuma kada a cika gona da iri ɗaya, cuta ɗaya ta share ta.

Tazara: mita 10 ta kowane gefe tana ba da itace 100 a hekta, mita 3 tana ba da 1,111. Ta biyun gandun itace ce, bayan shekara uku ko huɗu noma ya ƙare a wurin. Wanda gonar ke ciyar da gidansa kada ya yarda da ita sai a fako ko tudun da dama ba ya ba da komai. A gonar abinci, layuka daga gabas zuwa yamma, da faɗin da garma ko tarakta za ta wuce ta juya.

8. Renon tsiro

In za ku reni naku, ku fara a Fabrairu ko Maris, kusa da ruwa, a ƙarƙashin rumfar zana. Kayan aiki: leda baƙa ta reno mai huda, baro, shebur, rariya, garwar ban-ruwa. Haɗi: ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro.

Irin gawo da bagaruwa da kuka ɓawonsa tauri gare shi. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba iri a ciki ya kwana, ko a ɗan fasa gefen kowane ƙwaro da abin yanke farce. Irin dogon yaro da na kaɗanya kuwa ba sa ajiyuwa, 'yan makonni sun mutu, a shuka su da ɗanyensu. Duk mako biyu a ɗaga ledoji a sauya musu wuri don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Saura mako biyu ko uku a dasa, a rage ruwa a janye rumfa su saba da rana.

In saye za ka yi, na itacen marmari ka nemi wurin da aka san aikinsu, irin Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, ko ka sa malamin gona ya raka ka. Duba tabon auren da idonka. Tsiron da ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe, bar shi ko kyauta ne.

9. Rami da dashe

A haƙa rami a watan Mayu: faɗi da zurfi santimita 50, na mangwaro 60. Ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a ɗaya gefen. A cuɗa ta saman da taki a mayar da ita farko. A gangare, a yi wa kowane rami kunya mai siffar rabin wata ta ɓangaren gangaren don ta tare ruwa. A gonata mai jigawa mutum ɗaya ya haƙa 15 a wuni; a baƙar laka ko wuri mai marmara ko rabi ba zai yi ba, ka yi cinikin ƙwadago da sanin haka.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da yamma bayan an yi ruwa. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya, kada ƙasar jikin saiwa ta watse, a binne daidai wuyan da tsiron yake a leda, a danne da ƙafa.

Hattara: kuskuren da ya fi kashe itatuwa a ƙasar nan shi ne dashen Satumba. Motar tsiro ta makara, an jira babban baƙo ya zo ya dasa ta farko a ɗauki hoto, ruwa ya ɗauke bayan mako uku. In tsiro ya iso bayan tsakiyar Agusta kuma ba ka da ban-ruwa, ka sa a rubuta ranar da ya iso, don kada mutuwarsa ta hau kanka.

10. Ranin farko

A nan kuɗi yake tafiya, a nan kuma ake gane wanda ya yi dashe da wanda ya yi biki.

Akuya. Shekarar da na fara, na dasa mangwaro 30 na ce keji sai bayan girbi. Ranar da aka saki dabbobi ina kasuwa. Da na isa gona da la'asar, sanduna na tarar a tsaye, wata jar akuya tana kan na ƙarshe tana kallona tana taunawa. Bakwai suka sake toho. Tun daga nan nake cewa wanda ba shi da kuɗin keji ba shi da kuɗin tsiro. Keji na ƙaya, ko kara da aka saƙa, ko tubalin laka da aka jera da tazara, ko waya in da hali. Tsayinsa ya kai ƙirji, a kafa shi da turaku uku, ya kasance a wurin kafin a yanke dawa. Sau da yawa kejin ya fi tsiron tsada, ka sa shi a kasafi tun farko. Gara itace 20 masu keji da 100 tsirara.

Ruwa. Gawo da dakwara da dogon yaro da aka dasa a kan kari sukan ƙetare rani da kansu. Na marmari ba sa yi. Lissafa: itace 40, lita 10 kowanne, sau biyu a mako, lita 800 ke nan, jarka 32 mai lita 25. Daga Disamba zuwa tsakiyar Mayu, mako 24, jarka 768. Tambayi mai kura ko mai amalanke nawa zai kai maka jarka ɗaya gona, ka ninka. Adadin da ya fito shi zai gaya maka mangwaro nawa za ka iya riƙewa. Tsohon tulu mai tsaga ko gorar roba mai ƙananan huda da aka binne kusa da saiwa suna rage asara ƙwarai.

Gara mai cin itace. Ciyawar da za ka shimfiɗa don riƙe laima kada ta taɓa jikin tsiron, bar tazarar tafin hannu. Toka a kewaye, da dakakken ganye ko 'ya'yan dogon yaro, suna taimakawa. Turare da mangwaro ta fi so.

Wuta. Daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe ƙarau, a share hanya mai faɗin mita uku zuwa biyar kewaye da wurin, a kuma nome gindin kowane itace. A yi magana da mafarauta da masu neman ɓeraye ta bakin Jauro.

Damina mai zuwa a cike gurbin waɗanda suka mutu. Ka ajiye tsiro ɗaya a kan kowane biyar don haka.

11. Awo, littafi da biya

Masu shirin za su riƙa zuwa suna auna kaurin itace a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, da tsayinsa, galibi a wasu gonaki da aka zaɓa a madadin sauran, su haɗa da hoton tauraron ɗan'adam. Bayan su sai wani mai bincike mai zaman kansa ya tabbatar, sannan a fitar da kiredit, sannan a samu mai saye, sannan kuɗi ya gangaro. Wannan zagayen yakan ɗauki shekaru. Shekara uku zuwa biyar kafin biyan farko ba abin mamaki ba ne. Kada ka ci bashi da sunansa, kada ka sa ranar aure a kansa.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi da tef ɗin tela. Shafin farko: taswira, kwafin yarjejeniya, ranar dashe, iri da adadi. Duk bayan girbi ka ƙirga masu rai, ka auna kaurin guda goma da ka yi wa alama da fenti, ka ɗauki hoto daga kusurwa ɗaya ta gonar. Duk wanda ya zo awo ya rubuta sunansa da kwanan wata da abin da ya samu a littafinka, ba a nasa kaɗai ba.

Ranar biya ƙungiya ta nemi takarda mai nuna tan nawa aka tabbatar, nawa aka riƙe a ajiya, nawa aka sayar, a kan dala nawa, da canjin da aka yi amfani da shi. Sakatare ya karanta ta da ƙarfi a gaban kowa, da Hausa da Fulatanci ko Tangale ko Tera, duk yaren da mutanen wurin suka fi ji. Kuɗin kowa ya faɗa asusunsa kai tsaye. Wanda ba shi da asusu a biya shi a bainar jama'a ya dangwala, a kuma rubuta adadin da haruffa kusa da yatsansa kafin ya dangwala.